Kisan Shukri Belaid da gardamar da ta danne tambayar wa ya yi harbi

Da safiyar Laraba, 6 ga Fabrairun 2013, lauya Shukri Belaid ya fito daga gidansa a birnin Tunis ya shiga mota zai tafi aiki. Wani mutum ya matso ya buɗe masa wuta, ya haye babur ɗin da ke jiransa, suka ɓace. Belaid yana da shekara 48 a duniya. Jagora ne a gamayyar jam'iyyun 'yan gurguzu da 'yan kishin Larabawa, kuma babu wanda ya kai shi zafin baki wajen sukar jam'iyyar Annahda mai ra'ayin Islama, wadda ke riƙe da gwamnati a lokacin. A darensa na ƙarshe ma sai da ya fito a talabijin yana gargaɗi cewa tashin hankalin siyasa na neman zama ruwan dare a ƙasar.

Kafin rana ta faɗi, kowa a Tunisiya ya riga ya yanke hukunci. Ba a kama kowa ba, ba a san ko bindigar wa ce ba, amma wani ɓangare ya ce ga abin da ake samu in aka bar masu rawani suka hau mulki, ɗaya ɓangaren ya ce makirci ne aka ƙulla don a ɓata wa Musulunci suna a kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnati.

Mu a Sakkwato wannan gardama ba baƙuwarmu ba ce. Ana yin ta a majalisun ƙofar gida bayan isha'i, ana yin ta tsakanin ɗaliban Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ana yin ta a Facebook har a zagi iyaye. Shin gwamnati ta cire hannunta daga addini, ko addini ne ya kamata ya ja ragamar gwamnati? Shin dimokuraɗiyya ta dace da Musulmi? Tambayoyi ne na gaske, kuma ba na cikin masu cewa a daina yin su. Damuwata ita ce abin da ke faruwa da su ranar da jini ya zuba. A irin wannan rana sai gawar ta zama hujja a hannun masu gardama, a manta da tambayoyin da ke da amsa: wa ya harba, wa ya aiko shi, wa aka sanar amma ya kau da kai. Tunisiya ta nuna wannan ƙarara, shi ya sa labarinta ya cancanci a bi shi daki-daki.

Ba za a gane zafin martanin 2013 ba sai an koma baya. Habib Burgiba, wanda ya jagoranci ƙasar bayan ta sami 'yanci daga Faransa a 1956, ya ɗauki addini a matsayin abin da gwamnati za ta lanƙwasa yadda take so. A shekarar 'yancin ya kawo dokar iyali da ta haramta auren mace fiye da ɗaya, ta kuma mayar da saki hannun kotu. Ya karɓe dukiyar waƙafi, ya karya ƙarfin karatun masallacin Zaituna mai daɗaɗɗen tarihi, ya sha ruwan lemo a bainar jama'a da rana cikin watan azumi don ya nuna cewa aikin gina ƙasa ya fi azumi. A 1981 aka fitar da umarnin hana sa hijabi a makarantu da ofisoshin gwamnati. Zainul Abidin Bin Ali da ya karɓi mulki a 1987 ya ɗora daga nan: a farkon shekarun 1990 ya cika kurkuku da dubban 'yan Annahda, aka azabtar da da yawa, shugabansu Rashid Gannushi ya shafe sama da shekara ashirin yana gudun hijira, mafi yawanta a Landan.

To ka ga in aka ce a raba addini da mulki a Tunisiya, akwai dubban gidajen da abin da suke ji shi ne ɗan sanda a ƙofar masallaci yana rubuta sunan saurayin da ya cika zuwa sallar asuba. Haka nan in aka ce gwamnatin Islama, akwai wasu dubban gidajen da abin da suke ji shi ne za a ƙwace wa 'ya'yansu mata haƙƙoƙin da suka saba da su tun 1956, a kuma rufe bakin marubuci da ɗan jarida. Kowane ɓangare tsoronsa na da tushe. Wanda ya raina tsoron ɗayan bai fahimci ƙasar ba.

Bin Ali ya gudu Saudiyya ranar 14 ga Janairun 2011. A zaɓen 23 ga Oktoban wannan shekara Annahda ta lashe kujera 89 cikin 217 na majalisar rubuta tsarin mulki. Ta fi kowa, amma ba ta da rinjaye, sai ta haɗa kai da jam'iyyu biyu da ba na addini ba: Munsif Marzuki ya zama shugaban ƙasa, Mustafa Bin Ja'afar ya zama shugaban majalisa, Hamadi Jibali na Annahda ya zama firaminista. A Maris 2012 Annahda ta sanar cewa ba za ta nemi a rubuta shari'a a matsayin tushen doka ba, ta yarda a bar sashe na farko na tsarin mulkin 1959 yadda yake: Tunisiya ƙasa ce mai 'yanci, addininta Musulunci, harshenta Larabci, tsarinta jamhuriya. Wannan sassauci ne babba, kuma ya jawo mata baƙin jini wajen matasa masu zafin ra'ayi da suka ce ta sayar da addini don kujera.

Su waɗannan matasa ne gwamnatin ta kasa riƙewa, ko kuma ta ƙi. Bayan juyin juya hali ɗaruruwan masallatai sun kuɓuce wa hukuma, aka kori limamai aka ɗora wasu. Ƙungiyar Ansarus Shari'a ta Abu Iyad ta yi ta ƙarfi. A 14 ga Satumban 2012 aka afka wa ofishin jakadancin Amurka a Tunis. A Oktoba wani jami'in jam'iyyar adawa ta Nida'a Tunis, Lutfi Naggad, ya mutu a wata arangama a garin Tatawin da wasu masu kiran kansu masu kare juyin juya hali. Ana tarwatsa tarukan 'yan adawa. Ana kiran sunan Belaid a wa'azi da bidiyon intanet a matsayin kafiri, maƙiyin Allah. Shugabannin Annahda sun yi ta cewa yaran namu ne, a bi su a hankali za su dawo hanya. Ga wani abu da ya kamata a ajiye a zuciya: a zamanin Bin Ali, wannan Belaid ɗin yana cikin lauyoyin da suka riƙa tsaya wa fursunonin siyasa a kotu, har da masu ra'ayin Islama da ake tuhuma da ta'addanci, lokacin da tsayawar ke iya jawo wa mutum ɗauri.

Da aka kashe shi, matarsa Basma Khalfawi ta ɗora alhakin a kan Annahda. Aka ƙone ofisoshin jam'iyyar a garuruwa da dama. Ranar Juma'a 8 ga wata babbar ƙungiyar ƙwadago ta UGTT ta kira yajin aikin gama-gari, jama'a suka yi dafifi zuwa maƙabartar Jallaz, maza da mata, ana karanta Fatiha ana kuma rera taken neman faɗuwar gwamnati, hayaƙi mai sa hawaye na tashi a bakin maƙabarta. Gannushi ya yi tir da kisan, ya ce babu wanda ya cutu da shi kamar jam'iyyarsa. Firaminista Jibali tun daren kisan ya ce zai rushe gwamnati ya kafa ta ƙwararru marasa jam'iyya; jam'iyyarsa da kanta ta ƙi, ya ajiye aiki ranar 19 ga Fabrairu. Wanda aka ɗora a madadinsa shi ne Ali Arayyid, ministan cikin gida, wato mutumin da 'yan sanda ke ƙarƙashinsa ranar da aka yi harbin. 'Yan adawa sun ɗauki wannan a matsayin cin fuska.

Sai Faransa ta ƙara wa wutar mai. Ministan cikin gidanta na lokacin, Manuel Valls, ya yi magana a kan wani mulkin danniya mai sunan Musulunci da ya ce yana tasowa ko'ina. Faɗuwa ta zo daidai da zama ga masu son a bar maganar bindiga a koma maganar aƙida. Magoya bayan Annahda suka fito titi suna cewa Faransa ta fita daga harkarsu. Cikin kwana uku, batun mutumin da aka harbe a ƙofar gidansa ya koma batun tsohuwar uwargijiya da Musulunci.

A ganina tambayoyi uku ne aka cakuɗa, kuma cakuɗa su shi ne ya yi ɓarna. Akwai ta wanda ya yi kisan da wanda ya sa shi, wannan aikin ɗan sanda ne da alƙali. Akwai ta sakaci: gwamnatin da ta ga ana kafirta mutum da sunansa a kan mumbari, ta ga ana dukan 'yan adawa, ta yi shiru, tana da alhaki ko da ba ita ta ɗauki bindiga ba, kuma wannan hukuncinsa na siyasa ne, a sauka daga kujera ko a sha kaye a akwati. Sai ta uku, wace irin ƙasa ake so, wadda babu gawar da za ta iya amsa ta. Masu adawa da Annahda sun so su yi amfani da ta farko su ci ta uku. Annahda kuma ta fake da ta uku don ta tsere wa ta biyu. Duk wanda ya ce kun yi sakaci sai a ce ai addini yake ƙi.

Kisa na biyu ya fallasa raunin wannan lissafi. Ranar 25 ga Yulin 2013, ranar bikin jamhuriya, cikin watan Ramadan, aka harbe ɗan majalisa Muhammad Brahmi a ƙofar gidansa, iyalinsa na ciki. Brahmi ɗan Sidi Buzid ne, garin da juyin juya halin ya faro. Ɗan kishin Larabawa ne mai adawa da Annahda, amma mutum ne da aka sani da ibada, alhaji ne. Ba za a iya sa shi cikin sahun waɗanda ake cewa ba ruwansu da addini ba. Ga wanda ya harbe shi, saɓanin siyasa kaɗai ya isa ya fitar da mutum daga Musulunci. Ministan cikin gida Lutfi Bin Jiddu ya ce bindiga ɗaya aka yi amfani da ita a kisan biyu. Daga baya ya amsa cewa ma'aikatarsa ta sami gargaɗi daga wata hukumar leƙen asiri ta waje kwanaki kafin kisan, ba a kuma yi komai ba. Wannan takardar gargaɗi da ta kwanta a ofis ta fi duk wata muhawarar aƙida bayyana yadda Brahmi ya mutu.

A daidai lokacin Masar na ci da wuta. Sojoji sun kifar da Muhammad Mursi ranar 3 ga Yuli, ranar 14 ga Agusta aka kashe ɗaruruwan magoya bayansa a dandalin Rabi'a. Gannushi ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta, ya shafa wa nasa ruwa. Ya gana da madugun adawa Baji Ƙa'id Sibsi a Paris. A ƙarshen Agusta gwamnati ta ayyana Ansarus Shari'a a matsayin ƙungiyar ta'addanci, matakin da ya kamata a ce an ɗauka tun kafin a binne mutum biyu. Ƙungiyoyi huɗu, ta ƙwadago, ta masu masana'antu, ta lauyoyi da ta kare haƙƙin ɗan Adam, suka zaunar da jam'iyyu a teburi ɗaya. Annahda, wadda ta ci zaɓe, ta yarda ta sauka ta ba gwamnatin riƙon ƙwarya wuri. Ranar 26 ga Janairun 2014 majalisa ta amince da sabon tsarin mulki da ƙuri'a 200. Waɗannan ƙungiyoyi huɗu su suka sami kyautar zaman lafiya ta Nobel a 2015.

Babu wanda ya ci gardamar a wannan tsarin mulki. Sashe na ɗaya ya ce addinin ƙasa Musulunci ne, na biyu ya ce ƙasar ta farar hula ce mai tsayuwa a kan nufin jama'a da doka. Sashe na shida shi ne wanda jini ya rubuta: ya ɗora wa gwamnati kula da addini, ya lamunce wa kowa 'yancin imaninsa, ya ce a nisanta masallatai daga zama kayan aikin jam'iyya, ya kuma hana kafirta mutane da tunzura jama'a. Maganar hana kafirtawa ta shiga ne a kwanakin ƙarshe, bayan wani ɗan majalisa na Annahda ya kira abokin aikinsa Munji Rahwi maƙiyin Musulunci, nan take aka fara yi wa Rahwi barazanar kisa. Kowa a zauren ya san inda irin wannan kalma ta kai Belaid.

Sai dai an sasanta siyasa an bar shari'ar a baya. An kashe Kamal Gadgadi, wanda ake zargi da harbin Belaid, a wani samame a Fabrairun 2014, ya tafi da abin da ya sani. A Disamba wani ɗan ƙungiyar IS, Abubakar al-Hakim, ya fito a bidiyo ya ce su suka kashe mutanen biyu. Amma fayil ɗin ya yi ta yawo tsakanin ofisoshi, lauyoyin iyalan na cewa ana ɓoye takardu, Annahda na musantawa. Sai a Maris 2024, bayan shekara 11, kotu ta yanke wa mutum huɗu hukuncin kisa, biyu ɗaurin rai da rai. Kafin nan jinkirin ya riga ya yi wa wani amfani. Shugaba Ƙais Sa'id, wanda ya dakatar da majalisa ranar 25 ga Yulin 2021, ya sanar da rushe majalisar ƙoli ta alƙalai a Fabrairun 2022, daidai da zagayowar ranar kisan Belaid, yana kafa hujja da jan ƙafar da aka yi a wannan shari'a. Tsarin mulkin 2014 ya tafi. Gannushi yana tsare tun Afrilun 2023, haka ma 'yan adawa da dama waɗanda babu abin da ya haɗa su da siyasar addini. Shari'ar da aka ƙi yi a kan lokaci ta zama makamin da aka sare dimokuraɗiyyar da shi, kuma ya sari ɓangarorin biyu.

Basakkwace ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Ranar 15 ga Janairun 1966, shi ma cikin azumi, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a gidansa na Kaduna tare da matarsa Hafsatu, aka kashe Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola, da Okotie-Eboh, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Cikin waɗanda aka kashe akwai Kiristoci, irin su Laftanar Kanar James Pam da Birgediya Ademulegun. An tsare waɗanda suka yi juyin mulkin amma gwamnatin Ironsi ba ta gurfanar da su ba. Da kotu ta yi shiru, titi ya yi magana: tarzomar Mayu, ramuwar 29 ga Yuli, kashe-kashen Satumba da Oktoba da suka cinye dubban mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba, sai yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Har yau ana gardama ko ƙabilanci ne, ko addini, ko kishin ƙasa na matasan sojoji, domin babu zaman kotun da aka tambayi kowa a ƙarƙashin rantsuwa.

Gardamar addini da mulki kuwa, mun yi ta a majalisar tsarin mulki ta 1978, har wakilai Musulmi suka fice kan batun kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a matakin tarayya. Mun sake yin ta a 1986 kan shiga ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, da kuma bayan Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi, har da tamu. Abin da muke da shi a rubuce shi ne sashe na 10 na tsarin mulkin 1999, wanda ya hana gwamnatin tarayya ko ta jiha ɗaukar wani addini a matsayin addinin gwamnati, da sashe na 38 mai ba kowa 'yancin addininsa. Wannan tsarin mulki ɗin dai shi ne ya tanadi kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a ga jihar da ke so, kuma gwamnati na da hukumar alhazai da ta masu ziyarar Kirista. Wato mu ma, kamar Tunisiya ta 2014, sulhu muke zaune a kai, kowa na karanta shi ta fuskarsa. Ni ban ga aibun hakan ba. Ƙasar da Musulmi da Kirista suka cika ta haka ba za ta zauna a kan nasarar ɓangare ɗaya ba.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda kowane ɓangare ke ganin tsarinsa kaɗai zai hana zubar da jini. Wanda ya ce addini ne ke jawo kisa, ya gaya mana wane addini ya kashe Bola Ige, ministan shari'a mai ci, a ɗakinsa a Ibadan ranar 23 ga Disamban 2001, ko Marshal Harry a Abuja a 2003, ko Funsho Williams a Legas a 2006. Wanda kuma ya ce in an kori dimokuraɗiyya an ɗora masu addini magana ta ƙare, ya tuna cewa Sheikh Ja'afar Mahmud Adam a cikin masallaci aka harbe shi, yana limancin asuba a Ɗorayi, ranar 13 ga Afrilun 2007, jajibirin zaɓen gwamnoni. Sheikh Albani Zariya kuma, da aka kashe a Fabrairun 2014 tare da matarsa da ɗansa, masu iƙirarin kafa daular Musulunci ne suka fito suka yi alfahari da kisan. Mai kafirta mutane ba ya tsayawa a kan ɗan gurguzu. Malamai su ne suka fi kowa sanin haka, kuma su ne ke da mumbarin da za su hana a kira sunan Musulmi ɗan'uwansu, ko wani ɗan ƙasa, a halatta jininsa don saɓanin ra'ayi.

A nan cikin birni mun ɗanɗana. A Yulin 2007 aka harbe Malam Umaru Ɗan Maishiyya bayan ya fito daga masallaci, ya rasu. Mutanen gari sun ji zafin rashinsa ƙwarai, kuma suna da haƙƙin a nemo musu wanda ya yi. Amma kafin bincike ya yi nisa, fushi ya riga ya sauka a kan 'yan Shi'a baki ɗaya: an yi arangama, an rasa rayuka, an kama mutane da yawa, an rushe cibiyarsu da gidaje. Nan ma magana ta bar kan mai bindiga ta koma kan aƙida, maƙwabta suka daina gaisawa. Shari'ar Musulunci da muke alfahari da ita a wannan gari ba ta yarda a kama wani da laifin wani ba, kuma ba ta zartar da hukuncin jini sai da shaida a gaban alƙali. Kundin 1999 ma haka ya ce. A wannan gaɓa babu saɓani tsakanin mai son shari'a da mai son a raba addini da mulki, kuma a wannan gaɓar ce muka fi yin sakaci. Har yanzu babu wanda kotu ta samu da laifin kashe Bola Ige, kuma almajiran Malam Ja'afar na nan suna jiran ranar da hukuma za ta fito ta karanta musu abin da bincikenta ya gano.